Igiyar Kuran da Na Naɗe

Ba zan taɓa mantawa da bazarar nan ba, wadda zafi ya sauko wa Lyon har Turawa suka koma tafiya a gindin bango suna bin inuwa kamar mu. Muna hawa na bakwai a Vaulx-en-Velin, asansar, na'urar hawa bene, yau ta yi aiki gobe ta huta, maigida kuma yana Paris wajen shagonsa na Goutte d'Or, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Shekara ce ta jira. Abu ɗaya nake kai wa Allah a kowace sujada: a ba 'yata takardar aiki ta dindindin.

'Yar farina ce, saboda haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Injiniya nake ce mata, tun ranar da ta kwance rediyon babanta tana ƙarama ta mayar, ƙusoshi uku suka rage a hannunta, rediyon kuma ya ci gaba da magana. Ban taɓa yabonta a gaban mutane ba. Haka aka yi mana a Damagaram, kuma ba mu mutu ba.

Ta samu shiga wani ƙaramin kamfani a bakin kogin Saône, masu cire injin gazwal, wato man dizal, daga jiragen ruwa na yawo su sa na lantarki. Gwajin wata shida suka ba ta, ranar Litinin patron, wato mai kamfanin, zai ce ta zauna ko ta tafi. Kafin Litinin ɗin akwai Asabar, ranar da wani tsohon likita da matarsa za su zo daga Paris su gwada jirgin da ta kwashe watannin nan tana haɗa wa wayoyi. Patron bai ɓoye mata ba: in ba a sayi jirgin nan ba, ba zai iya riƙe ta ba.

Katamaran suke ce wa jirgin. Ku ɗauka kwale-kwale biyu ne manya aka jera, aka gina falo a tsakaninsu, da ɗakunan kwana a cikin kowanne. A teku iska ke tura shi da wani babban zane, amma a lokacin an kwantar da sandar zanen a saman rufi saboda gadojin Lyon. A kogi, sai injin kaɗai. Injin kuma sai batir.

Yanzu bari in faɗa muku ciwona. Ni ba na iya wuce abu yana cin kuran, wato wutar lantarki, a banza. Abin ya samo asali: a Damagaram ina da firigo da nake sayar da ƙanƙara, wata rana aka ɗauke wuta na manta ban cire shi ba, da ta dawo ta dawo da fushi ta ƙone shi. Tun daga nan hannuna ya koyi cire waya. Na zo Faransa kuma na samu aikin sharar ofisoshi, shekara goma sha huɗu shefuwarmu, shugabar masu shara, tana nanata mana: in kin gama ki kashe, ki cire, ki naɗe. Yarana sun sha wuya. Mutum zai kwanta wayarsa tana caji, ya tashi ya same ta a mace, igiyarta a naɗe tsaf a gefe.

Ranar Juma'a bayan la'asar Injiniya ta roƙe ni in zo in gyara mata cikin jirgin, tunda dai aikina ne. Sun gama gwajin ranar, ta jona komai, za ta koma ofis ta ƙarasa takardu.

"Inna, ki goge duk inda kike so, amma don Allah kada ki taɓa maɓalli ko ɗaya."

"To."

"Inna. Ko ɗaya."

"Na ji mana, ai ba kurma ba ce ni."

(Kuma ina so a rubuta mini wannan: ban taɓa maɓalli ko ɗaya ba.)

Na shiga aiki. Na goge tagogi, na wanke makewayi biyu, na gyara gadaje har kana iya ganin layin guga a zanen. Amma duk inda na durƙusa sai in ga wani ɗan jan ido yana kallona. Ɗaya a ƙarƙashin gado, jikin tukunyar ruwan zafi. Ɗaya a makewayi, wai ƙarfen ɗumama tawul, a wannan zafin. Ɗaya a injin ƙanƙara, ɗaya a injin kafe, ɗaya a wani ɗan firigo na kwalabe, ɗaya a ɗayan makewayin. Shida na ƙirga. Babu kowa a jirgi, gari na tafasa, su kuwa suna ta ci. Raina ya yi ta sosuwa, amma na riƙe hannuna don na yi alkawari.

Da na fito zan ja ƙofa sai na gan ta. Wata igiyar kuran ce ruwan ɗorawa, kaurinta ya kusa wuyan hannuna, ta taso daga gindin jirgi ta haura gaɓa ta shiga wani ɗan turke. Na ce to, ga uwarsu duka. Na tsaya na yi shawara da kaina kamar mai hankali. Yarinya ta ce maɓalli. Wannan kuwa ba maɓalli ba ne.

Ba ta fita da sauƙi ba. Akwai wani zobe da sai an murɗa, akwai murfi da sai an danna. Wanda ya ƙera ta ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya hana irina, sai dai na fi shi haƙuri. Na cire ta, na goge ta da tsumma, na naɗe ta yadda muke naɗe igiyar guga a gida: daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu, a ɗaure ƙugu sau uku, a soke bakin. Na rataye ta a jikin turke. Na leƙa ta taga, jajayen idanun suna nan a kunne. Na ce a raina, sauran wutar da ta rage cikin waya ce, za su mutu a hankali. Na hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina jin daɗi kamar wadda ta tsinci kuɗin wani ta mayar masa.

Abin da ban sani ba, igiyar nan ita ke cika batir. Da na cire ta, idanun nan shida suka juya kan batirin da gwaji ya riga ya gajiyar, suka kwana suna tsotsa.

Asabar da safe na sa sabon bubu, na ɗauko zoɓo mai sanyi da dubulan, don patron ya ce in zo in ga jirgin yana tafiya, ladan gyara. Muka iso tare da Injiniya. Tun daga nesa na hango shi tsaye a gaɓa, fuska ja, igiyata a hannunsa.

"Kashi ɗaya cikin biyar," ya ce da ita, ko gaisuwa babu. "Batir na kashi ɗaya cikin biyar. Baƙin sun riga sun sauka a tashar jirgin ƙasa, suna cikin taksi. Cika shi wuni ne. Ke ce ta ƙarshe a nan jiya."

Injiniya ta kalli igiyar. Ƙugu sau uku, baki a soke. Naɗin da ta tashi tana gani a jikin dutsen guga da injin shara da cajar wayarta. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta kawar da kai.

"Laifina ne, patron."

"Za mu yi magana Litinin," ya ce. "Yanzu kada baƙin su ji komai. Mu zaga kaɗan mu dawo."

Ni kuwa fa? Na yi shiru. Na rungume kwalaben zoɓona na yi shiru kamar ban san Faransanci ba. Wannan shi ne wurin da har yau in na tuna nake rufe fuska, ya fi cire igiyar ciwo. Uwa tana tsaye, 'yarta tana ɗaukar mata kaya.

Baƙi suka iso. Likitan dogo ne siriri, gilashi rataye a wuya. Madam gajera, mai fara'a, ita ce ke son na lantarki don warin gazwal yana sa ta amai. Shi kuwa da shakkarsa ya zo. Aka sa mini wata rigar ceto ruwan lemo a kan bubuna, na zama kamar buhun albasa da aka ɗaure da kyau. Patron ya kunna kilim, na'urar sanyaya ɗaki, a ko'ina don baƙi, ya sa kafe.

Muna zaune, sai na matsa kusa da Injiniya na raɗa mata, "Kin manta ba ki tayar da injin ba." Ta ce, "Inna, dubi gaɓa." Na duba, gaɓa tana tafiya baya. Babu ƙara, babu hayaƙi, sai ɗan sautin ruwa a ƙasa. Madam ta lumshe ido ta ce yau ne karon farko da ta shiga jirgi cikinta bai juya ba.

Patron ya so a juya tun gada ta biyu. Likita ya ce a'a, an yi masa alkawarin zuwa tsibirin da ke sama a dawo, tafiyar awa biyu, don ita ya hau jirgin ƙasa tun asuba. Sai ya sa gilashinsa ya sunkuya kan ɗan allon da ke gaban Injiniya. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana karanta allo a kan marasa lafiya, wa zai ɓoye masa lamba?

"Minti arba'in suka rage? Kun ce mini a caji ya kwana." Ya cire gilashin. "Ke nan batirin yana zuba da kansa. Abin da abokaina suka yi ta gaya mini. In a teku ne fa, da matata a ciki?"

"Injin lafiyarsa lau," patron ya yi sauri. "Yarinyar ce ta manta ba ta jona igiya ba."

"Wannan ya fi muni," in ji likita, a hankali. "Wadda ta manta igiya a waje, me ta manta a ciki, inda ba na gani?"

Idon Injiniya na kan kogi, hannunta na kan sitiyari, amma na ga jijiyar wuyanta tana motsi. Na san wannan jijiyar tun tana goye.

Na miƙe da tire a hannu. Faransancina na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda na yi da daddare bayan aiki shekara uku, kuma a ranar rabinsa ya gudu ya bar ni.

"C'est moi, monsieur."

Duk suka juyo. Na ce ni ce. Ni mai shara ce, ni na cire. Ta jona da hannunta, a jone na same ta. Na ga jajayen fitilu shida suna ci babu kowa, na ce asara ce, na cire babbar. Don kada su yi shakka har na ajiye tire na nuna musu da hannu yadda na murɗa zoben, da yadda na naɗe, daga tafi zuwa gwiwa, rigar ceto tana tokare mini haɓa. (Ban san abin da ya kai ni nuna naɗin ba. Ba wanda ya tambaya.) Sannan bakina ya ci gaba ba da izinina ba. Na ce wannan 'yata ce, ta fari. Ba ta mantuwa. Tun tana ƙarama ba ta taɓa barin abu rabi ba. Ta karɓi laifin ne don ni uwarta ce. In akwai wanda za a kora daga jirgin nan, ga ni, sai dai a kai ni gaɓa don ban iya iyo ba.

Na ji gumi yana bin bayana har ƙugu. Da kogin ya buɗe da na shiga, da rigar ceton da komai.

Madam ce ta fara. Ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa, daga baya ta saki dariya har da hawaye. Ta nuna mijinta ta ce shekara arba'in tana bin bayansa tana kashe fitilu, yau ta haɗu da shugabarta. Likita bai yi dariya ba, amma fuskarsa ta saki. Ya juya ga Injiniya.

"To, mademoiselle. Ɗauka a teku muke, ga abin da ya rage. Me za ki yi?"

Ta dubi patron. Patron ya ɗaga hannu sama, alamar komai ya riga ya lalace, ki yi abin da kika ga dama.

Ta ja ɗan sandan gudu baya, jirgi ya sassauta. Ta kashe kilim, ta ce a buɗe tagogin sama. Ta yi wa likita bayani da muryar da ban san tana da ita ba: gudu shi ke shan batir, in ka rage kaɗan abin da ka ajiye yana da yawa. Faya-fayen da ke rufi suna karɓar rana suna zubawa, yau kuwa rana ba ta rowa. A teku in an ɗaga zane iska na turawa, farfela tana juyawa da kanta tana mayar da caji. Ya ce in babu iska kwana uku fa, kuma yana sauri? Ta ce to ya sa ƙaramin janareta na ko-ta-kwana, ko kuma ya daina sauri, ba za ta yi masa ƙarya ba. Patron ya yi tari.

Lambar ta hau zuwa awa ɗaya da rabi ta tsaya. Bai isa ba. Ta ce akwai abubuwan da ke ci har yanzu, ga shi wani dogon jirgin yashi yana tahowa, ba ta iya barin sitiyari. Sai ta juyo da Hausa.

"Inna, jajayen idanun nan na jiya, kin tuna inda suke?"

"Duka shida."

"Kowanne da maɓalli a gefensa. Yau na ba ki izini. Ban da babban firigo."

Jama'a, ban taɓa jin daɗin umarni irin wannan ba. Na tattare bubu na sauka, Madam tana biye da ni tana riƙe mini ƙofa. Na durƙusa ƙarƙashin gado, tukunyar ruwan zafi, ɗas. Daga sama likita ya kira, "Awa biyu." Ƙarfen tawul na dama, ɗas. Na hagu, ɗas. "Biyu da rabi." Injin ƙanƙara, injin kafe, firigon kwalabe. Madam ta ce kwalaben mijinta ne za su yi zafi, na ce akwai zoɓo. Da na hauro ina haki, likita ya nuna mini allon da yatsa. Awa uku da 'yan mintoci. Patron ya leƙa, ya sake leƙawa, kamar ba shi ya sayar da injin ba.

Muka kai tsibirin a hankali, muka zagaya, muka biyo ruwa zuwa gida. Likita ya karɓi sitiyari. Iska tana shigowa ta tagogin sama, muna jin kukan agwagi da ƙarar filafilin masu tuƙin tsere da ƙararrawar wani coci can kan tudu. Madam ta ci dubulan huɗu ta yi barci a kan benci. Ni na zauna a kusurwa na naɗe hannuwana a cinya inda kowa zai iya ganinsu.

Da muka ɗaure a gaɓa, batir bai ƙare ba. Likita ya daɗe yana kallon allon. Ya ce wa patron, gwaji da cikakken batir ko'ina zai samu, shi ranar wahala yake son gani, yau kuma an nuna masa ita ba shiri. Zai saya. Sharaɗinsa ɗaya: wannan yarinyar ce za ta gangara da su kogi har teku, ta koya musu jirgin.

Patron ya raka su taksi ya dawo yana share wuya. Ya ce wa Injiniya, "Litinin ki zo da alƙalamin sa hannu." Ni kuma ya dafa ƙirji ya ce, "Madam, kina iya zuwa duk ranar da kika so. Hannu a aljihu." Na ce bubu ba shi da aljihu. Ya ce zai sa a ɗinka.

A metro muna zaune kafaɗa da kafaɗa har muka wuce tasha uku. Sai ta ce, "Inna, maimaita abin da kika ce ɗazu."

"Me na ce?"

"Wai ba na mantuwa. Wai ba na barin abu rabi."

"Da Faransanci na faɗa. Wannan ba a ƙirga shi."

Ta kwantar da kanta a kafaɗata, babbar mace, injiniya, a gaban mutane. Na bar ta.

Abin da na koya bai da yawa. Ba duk abin da ke kunne ne yake ɓarna ba, wani cika yake yi. Kuma in yaro mai ilimi ya ce kada ki taɓa, ba maɓalli kaɗai yake nufi ba, yana nufin ke.

Washegari Lahadi, bayan na idar da sallah, na yanko kwalin madara na ɗauko alƙalami mai kauri. Na tayar da Injiniya daga barci ta rubuta mini kalmomin a takarda, na kwafe su da hannuna harafi-harafi, yadda malamarmu ta koya mana: NE PAS DÉBRANCHER. A ƙasa na ƙara da Hausa: KADA A CIRE. Na lulluɓe shi da salatif saboda ruwa, na hau bas na hau metro har bakin kogi, na ɗaure shi a wuyan igiyar, ɗauri uku. Injiniya ta tambaye ni daga baya, na Hausar don wa, tunda a duk gaɓar nan mutum ɗaya ce za ta iya karanta shi.

Na ce ai ita ce ke bukatarsa.